Rijiyar Nomau

Na bar Sakkwato da asuba, sabon littafi a aljihu.
A ƙasan shafi na rubuta sunana,
na bar layi bakwai a sama don waɗanda suka riga ni.
Motar Tambuwal ta sauke ni, ɗan kabu-kabu ya ƙarasa,
kudu, kudu, har inda kwalta ta gaji ta koma.

Babana ya ce mu tsatson malami ne,
mai gafaka da zungurun tawada,
wanda ake ƙetare gulbi don a ɗauki karatu a zaurensa.
Guzurin da na riƙo ke nan.

Na iske Inna Tumba gindin tsamiya tana tsinkar zogale.
"Kai ɗan wa na?"
Na ce Lawali, ɗan Arzika, ɗan Malam Nomau.
Ta yi dariya har faifai ya karkace.
"Wane malam? Nomau ko alu bai sani ba.
Ginin rijiya shika yi.

Shekarar yunwa yaz zaka, iyayenmu sunka ce,
shi da dagi, da igiya, da wando guda.
Wasu sun ce daga Kebbe,
wasu sun ce ubangiji nai yag guje ma cikin dare.
Shi dai bai hwaɗi ba.
Wanda ka yini cikin rami ba ya sabo da magana."

Sai ta ba ni labarin Hantsi,
wadda ke zura masa fura a ƙwarya da igiyar guga,
ƙwarya ta dawo da laka a bakinta.
Wata uku tana jin tarinsa daga ƙasa,
ranar da ruwa ya ɓullo ya fito jiƙe har wuya,
ta ce wa gwaggonta: wancan.

Jikan maigari ya ɗauko gwangwani,
takardun haraji, gara ta yi kalaci da rabinsu.
Ga shi nan: Nomau. Gurbin sunan uba, fari fat.
Na duba littafina.
Layi uku sun cika, huɗu suna kallona.

Na tambayi kushewa, aka nuna mini gona.
Gero ya yi kai, ya fi ni tsawo.
"Nan wajen dai," in ji yaron, ya zagaya hannu
daga kalgo har zuwa jigawa.

Rijiya tara ya gina.
Shida sun rufta, biyu burtsatse ta kashe musu kasuwa,
ɗaya na nan bayan masallaci, gaba goma sha huɗu,
igiya ta sassaƙe itacen bakinta kamar tsagar gado.
Na leƙa. A jikin bango ga guraben da ya sara,
dama, hagu, dama, hagu,
daidai faɗin ƙafa, suna sauka har duhu ya haɗiye su.
Wannan ne rubutunsa, babu wasali.

Na cire takalmi zan yi alwala,
Inna Tumba ta dafa sandarta ta duƙa:
"Ga shi kuwa! Babban yatsan ga mai kallon waje.
Arzika ma haka nashi yake."
Shekara arba'in ina ɓoye shi cikin sau-ciki.

Na cika jarka, na ɗaure bakinta da leda.
Da isha na iske Baba a tabarma, rediyo a kunne.
Ban ce malam ba, ban ce dagi ba,
na zuba masa a moɗa.
Ya kurɓa, ya juya shi a baki, ya daɗe.
Ya kashe rediyon.
"Har yanzu da ɗan kanwa-kanwa," ya ce.
"Ta bayan masallaci ce, ko?"